Yadda Ake Tamke Ƙullin Doguwar Ragar Kama Zomo Don Kada Ya Zame

Doguwar ragar kama zomo sana'ar mutanen karkarar Birtaniya ce, musamman Ingila da Wales. Zomon can ba halinsu ɗaya da zomon dajinmu ba. Nasu mai haƙa rami ne. Suna zama gari guda a ramuka masu ƙofofi barkatai a gindin shinge ko bakin kurmi, da dare su fantsama tsakiyar gona kiwo, da sun ji motsi kowa ya nufi gida a guje. A kan wannan ɗabi'a aka gina aikin: mutum ya lallaɓa cikin duhu ya kafa raga mai tsawon yadi 50 ko 100 tsakanin wurin kiwo da ramuka, tsayinta bai wuce gwiwa ba, sannan a zagaya ta bayan gona a koro su su faɗa ciki.

Tun ƙarni na 12, zamanin Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, ake kiwon wannan zomo a can saboda nama da fata. Daga baya ya ɓalle ya cika ƙasa, ya addabi manoma. Sai a 1880 doka ta ba manomin da ke haya a gonar wani ikon kashe zomon da ke cin amfaninsa. Kafin nan na mai ƙasa ne, shi ya sa da yawa daga gwanayen ragar dare a wancan zamani masu farautar sata ne. A 1953 cutar miksomatosis ta shiga ƙasar ta kashe kusan 99 cikin 100 na zomaye, sana'ar ta kusa mutuwa. Kafin zomo ya farfaɗo, zaren nailan, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1935, ya soma ture tsohon zaren tsiro daga kasuwa. Daga nan matsalar ta taso. Tsohon zare yana da kaushi, ƙulli ɗaya ya ishe shi. Nailan kuwa santsi gare shi, ƙullin da aka gada sai ya riƙa zamewa a kansa.

Zomon dajin ƙasar Hausa ba ya haƙa rami, a gindin sabara ko cikin ciyawa yake laɓewa, don haka tsarin Ingila ba zai hau kansa kai tsaye ba. Amma wanda ke kiwon zomo a fili har suka haƙa ramuka suka fi ƙarfin hannu, da mai lambun da ya gane hanyar da zomo ke bi ya shigo masa, ragar za ta yi musu aiki. Ƙullin saƙarta kuma shi ne dai wanda masunta ke ɗinke taru da shi a Yawuri da Argungu.

Wuri uku ƙulli ke cin amanar mai raga: a idon raga, a jikin igiyoyin da ke ɗauke da ita, da kuma a kan sanduna. Biyun farko a gida ake gyara su da rana tsaka. Wanda ya bari sai ya je gona cikin duhu ya makara.

Fara da zare

Zare uku ne a hannun masu wannan aiki. Na farko shi ne na gargajiya, wanda ake samu daga ɓawon tsiro, irin yadda muke samun rama. Yana riƙe ƙulli ƙwarai, ba ya saurin cukurkuɗewa, amma in ya sha raɓa yakan yi nauyi ya tsuke, in kuma aka naɗe shi da danshi sai ya ruɓe. Na biyu nailan ne mai sheƙi, murɗaɗɗe. Masu sayarwa a can suna kiransa da lamba, 4z da 6z, na biyun ya fi kauri. Ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, sai dai shi ne sarkin zamewa, kuma yana kwashe duk wani tsinke da ƙaya da ya taɓa. Na uku shi ne nailan ko poliyesta da aka kaɗa daga guntayen zare, mai ɗan gashi-gashi a jiki. Wannan gashin shi ke sa ƙulli ya cije.

In da hannu za ka saƙa, na ukun nake ba ka shawara. In mai sheƙin kaɗai ka samu a kasuwa, to ka ƙudura a ranka cewa kowane ƙulli sai ka ninka shi. Kafin ka sayi ƙunshi guda, yanki kamu ɗaya, ka yi ƙulli, ka jiƙa shi da ruwa, ka ja shi ta kowace fuska. Zaren da ya zame a hannunka a shago ba zai tsaya wa zomo ba.

Saƙar ido

Kayan aiki biyu ne: allurar saƙar raga, wadda ake naɗa zare a cikinta, da ma'auni, wato ɗan faifan katako da ake zagaya zare a kansa don idanu su fito daidai. Idon ragar zomo in an miƙe shi inci 4 ne, wasu su kai shi 4 da kwata. Kai ya shiga, kafaɗa ta maƙale. Don ka tabbatar da ma'auninka, zagaya shi da zare sau ɗaya ka auna zaren. Abin da ka samu shi ne tsawon idon da zai ba ka, domin kaurin katakon ma yana cikin lissafi, ba faɗinsa kaɗai ba.

Zurfin raga ido 12 zuwa 15 ne. A ce ka ɗauki 14. Za ka jera ido 14 a kan madauki da ka rataya a ƙusa, ka riƙa saƙa layi bayan layi, raga tana tsawo. Ragar da za a kafa a yadi 50 sai ta kai yadi 100 in an miƙe ta, dalilin yana nan tafe. Yadi 100 ido 900 ke nan a tsawo, layi 1,800, ƙulli sama da 25,000. Duk wanda ya koya wa hannunsa ƙulli mara kyau a layin farko, sau dubu ashirin da biyar zai maimaita shi. Saboda haka a bi a hankali:

1. Riƙe ma'auni a hannun hagu. Zaren da ya fito daga ƙullin baya ya sauko ta gaban ma'auni, ya zagaya ta ƙarƙashi ya koma baya.
2. Zura allura cikin idon da ke sama, daga baya zuwa gaba. Ja ƙasa har gindin idon ya zo ya zauna a kan bakin ma'auni.
3. Danne wurin da zare ya haɗu da gindin ido da babban yatsa, manuni yana tallafe ta baya. Ka danne har da ƙafafun idon biyu, wato zare biyun da suka tashi daga gindinsa suka yi sama, ɗan sama kaɗan da gindin.
4. Wurga zare ya yi madauki ta hagu.
5. Kai allura dama, ka bi da ita ta bayan ƙafafun idon biyu, ta fito gaba ta cikin madaukin da ka wurga.
6. In ninki za ka yi, kada ka ja tukuna. Sake kai allura dama ta gaban ƙafafun, ka bi ta bayansu karo na biyu, ka fito ta cikin madaukin nan dai.
7. Ja ƙasa, ɗan karkace zuwa dama, babban yatsa yana nan a danne. Sai ka ji ƙulli ya shigo ƙarƙashin yatsa ya cije sannan ka ɗaga.

Mataki na uku da na bakwai su ne ran aikin. In ka ɗaga yatsa da wuri, madaukin zai sulale ya faɗo ƙasan gindin ido, ya ƙulle a kan zarensa shi kaɗai. A ido za ka ga kamar ƙulli ne lafiyayye, amma zarge ne, yana tafiya hagu da dama a kan idon sama. Ranar da zomo ya buga wurin da kai, ido ɗaya zai buɗe ya kai inci 6, na kusa da shi ya tsuke, zomo ya wuce abinsa. Ƙulli na gari in ka duba shi da kyau za ka ga gindin idon sama ya leƙo ta ƙasansa kamar ɗan harshe, zare kuma ya shaƙe ƙafafu biyu a samansa. In ba ka ga harshen nan ba, kwance ka sake.

Duk layi goma ka tsaya ka gwada. Kama ƙafafu biyu na ƙulli ɗaya da ke kallon juna ka ja su gefe da gefe da ƙarfi. Kada ka tausaya masa. Wanda ya motsa, yanzu ne sauƙin gyaransa.

Idanun gefe, na sama da na ƙasa, su ne igiya za ta bi ta ciki, su ke shan guga. Da zare biyu ake saƙa su. Akwai masu ɗaukar allura ta biyu mai ninkin zare su bi gefen bayan an gama, akwai masu ninkawa suna cikin saƙa. Ko wanne ka bi, ƙullin gefe ninki ne ko da zarenka mai kaushi ne.

In zare ya ƙare a allura, ka yi ƙoƙari ya ƙare a gefe, ba a tsakiyar layi ba. Haɗa sabo da tsoho da ninkin ƙulli, ka bar wutsiya kamar faɗin farce. Nailan ne, to ka kusanta bakin wutsiyar da wutar ashana har ya narke ya yi ɗan kai, wanda zai hana ta sulalewa ta cikin ƙulli. Bakin wutsiya kawai wuta za ta lasa. In zafi ya kai jikin ƙullin, zaren zai yi tauri ya karye daga baya. Zaren tsiro ba ya narkewa, wutsiyarsa ake barin ta ɗan fi tsawo.

Zaunar da ƙulli

Da yawa suna gama saƙa su zura igiya nan take don ɗoki. A'a. Sabon ƙulli bai gama zama ba. Tsoma ragar a ruwa ta jiƙu sosai, ka zura sanda a idanun bakinta na farko ka ɗaure a itace, ka zura wata a na ƙarshe ka ja ta miƙe, ka rataya mata nauyi, ko jarkar ruwa ce. Bar ta a inuwa ta kwana ta bushe a haka.

A lura da fuskar ja. Raga in an ja ta ta inda saƙa ta tafi, wato ta tsawo, ƙulli ƙara tsukewa yake. In an ja ta ta faɗi, buɗe masa baki ake yi. Wannan ya shafi wanda ya sayi raga saƙar inji zai yanka da kansa: ka duba fuskar da ƙulli ke cijewa, ka yanka yadda ita za ta bi tsawon igiya. Ragar inji ta kirki an riga an zaunar da ƙullinta da zafi a masana'anta, amma mai araha ba kullum ba. Ita ma a gwada ta da hannu.

Igiyoyi da rarar raga

Igiya biyu ke ɗauke da raga, ta sama da ta ƙasa. Nemi mai saƙar kitso, kaurin milimita 2 da rabi zuwa 3. Murɗaɗɗiya tana warware murɗinta ta naɗe raga. Poliyesta ta fi nailan a nan domin ba ta cika miƙewa ba, ruwa kuma bai dame ta ba. Ko wacce ce, ɗaure ta tsakanin itatuwa biyu ka ɗame ta ta kwana kafin ka auna. In ba haka ba, za ta yi miƙewarta a gona, duk ɗaurin da ka yi a kan sanduna ya saki.

Zura ta cikin idanun gefe ɗaya bayan ɗaya kamar mazagin wando, kada ka tsallake ko ɗaya. A kowane ƙarshe akwai turken ƙarfe, rodi mai tsini, tsawonsa kamar kamu guda, da zobe a kai. A tsarin gargajiya igiyar sama tana bi ta zoben ta juyo ta zama ta ƙasa, ta je ɗaya zoben ta dawo, bakin biyu su haɗu. Wannan haɗin shi ne ƙulli mafi ɗaukar nauyi a ragar duka.

Hanya biyu ce. Ta farko: jera bakin biyu suna kallon saɓani. Ɗauki ɗaya ka naɗa shi sau biyu a kan ɗan'uwansa kana komowa baya ta kan kansa, ka zura bakin ta ƙarƙashin naɗin biyu. Yi wa ɗayan haka. Ja igiyoyin har ƙulli biyu su zo su haɗa kai. Wannan ba ya kwancewa, sai dai yana da ƙullutu, ido na iya maƙalewa a kansa. In shi za ka yi, ka sa ya faɗo dab da turke inda raga ba ta kaiwa. Ta biyu ita na fi so: ɗora baki kan baki tsawon inci 3, ka ɗinke su da allura da zare mai ƙarfi kana huda tsakiyar igiyoyin biyu, gaba da baya, sannan ka naɗe wurin da zare tsaf-tsaf, naɗi kusa da naɗi. Yana fitowa sumul, kuma ba ya rage ƙarfin igiya yadda ƙulli ke yi. Ƙulli komai kyansa yana cin wani kaso na ƙarfin igiya, wani ma har kusan rabi.

Yanzu dalilin da ya sa aka saƙa yadi 100 don a kafa 50. Ragar da aka ɗame ba ta kama zomo. Zai buge ta ya dawo baya ya canza hanya. Rarar nan ita ke zama aljihu ta naɗe shi. Amma rara tana da nata ciwon: iska takan tura ta a kan igiya ta tara ta wuri ɗaya, wani wurin ya zama fayau. Maganin shi ne a ɗaure ta a rabe. Shimfiɗa igiyoyi a ƙasa a ɗame, ka sa alama duk yadi 5, ta sama da ta ƙasa suna kallon juna. Ƙirga ido 90 tsakanin alama da alama. Kashi goma ke nan, ido 900.

A nan mutane ke yin ɗaurin da ba ya daɗewa. Sukan naɗa zare a bayan igiya su ƙulle, bayan fita biyu ya fara tafiya, domin igiyar kitso in an ja ta sirancewa take yi, ɗaurin ya yi mata yawa. Ka huda ta. Zura zare a allura, ka soka ta tsakiyar igiya a kan alama, ka haɗa da idon gefe ka naɗa sau uku, ka sake sokawa ta tsakiya, ka ƙulle sau biyu, ka narkar da wutsiya. Abin da ya ratsa cikin igiya ba shi da inda zai zame ya tafi. Akwai masu ɗaure ta sama kaɗai su bar ta ƙasa tana yawo. Ni ina ganin a ɗaure duka biyun, domin rarar da ta gudu ta ƙasa ita ke ɗaga raga ta bar kafa.

Sanduna

A Ingila reshen itacen hezal suke yankowa, kaurin babban yatsa, tsawon kamar inci 30, a fiƙe gindi. A wajenmu dargaza ko geza za su yi, in an samu miƙaƙƙu. Kada ka kankare ɓawon inda igiya za ta zauna, kaushinsa shi ke riƙe ɗauri. Sandunan zamani masu sulɓi sai an sa musu zoben roba ko an naɗa musu tef a sama da ƙasa. Kada kuma ka sassaƙa wa sanda tsagi mai kaifi don igiya ta zauna, zai ci igiyar, kuma nan sandar za ta karye. Raga mai yadi 50 tana son sanda 11, duk yadi 5 ɗaya, a kan alamomin da ka ɗinke.

A gona

Kafin komai, izini. A Ingila dokar 1828 da ta haramta farautar dare a gonar wani ba da yardarsa ba tana nan har yau. A gida ma ka nemi yardar mai gona, ka sanar da sarkin baka in garinku akwai shi, ka kuma nisanci gandun daji irin Yankari da aka hana farauta.

Dare mai duhu ake so, da iska mai ɗan ƙarfi da ke busowa daga wurin kiwo zuwa ramuka, don ta ɗauke ƙamshinka da motsinka ta kai baya. Ka je da rana ka ga layin da za ka bi, ka kwashe ƙaya da busassun rassa. Ka ba shinge tazarar taku uku ko huɗu don kada iska ta manna raga a jikinsa.

Kafa turken farko a karkace, kansa yana kallon waje, ba wajen raga ba. Wanda aka kafa a tsaye ja ɗaya zai tumɓuke shi. Yi tafiya kana sakin raga har ƙarshe. A nan akwai lissafin da ake mantawa: kowane zagaye a kan sanda yana cin igiya. Sanda mai kaurin babban yatsa tana cin kusan inci 2 da rabi. Sanda 11 sun cinye sama da ƙafa 2, in zagaye biyu-biyu ne sama da ƙafa 4. Saboda haka kada ka ɗame igiya sannan ka kafa turke na biyu. Ja ta miƙe, ka dawo baya taku ɗaya, sannan ka kafa. Sandunan ne za su cinye sauran.

Sai ka juyo kana kafa sanduna. Ta ƙasa ake fara ɗaurewa. Ɗaga igiyar ƙasa, ka murɗa wuyan hannu ta yi madauki, ka zura tsinin sanda a ciki, ka soka sandar a ƙasa har madaukin ya taɓa turɓaya, ka taka shi da ƙafa. Igiyar ƙasa in ta tashi ko da faɗin tafin hannu ne, ta nan za su bi. Inda ƙasa ta yi kwari tsakanin sanda biyu, ƙara sanda a cikin kwarin.

Sannan ta sama. Jawo ta wajenka har ka ji ta ɗame daga sandar baya, ka murɗa madauki yadda igiyar da za ta ci gaba za ta kwanta a ƙarƙashin wadda ta zo, ka jefa a kan sanda, ka danna shi ya sauka kamar faɗin yatsu huɗu daga kai. Madauki ɗaya ba shi da abin riƙewa sai ja. Muddin igiya a ɗame take ta ɓangarorin biyu yana nan, da ta saki zai sulale ƙasa ko ya fice ta sama. Shi ya sa tsofaffin hannu ke son sa, domin yana da saurin sawa da saurin cirewa, shi ya sa kuma yake ba sababbi kunya.

In igiyarka mai santsi ce, ko sandar, ko kuma a sandunan ƙarshe biyu da duk inda raga ta yi kwana, ninka shi. Bayan madaukin farko, sake murɗa wani irinsa sak, fuska ɗaya, ka jefa a samansa. In ka yi daidai za ka shafa da yatsa ka ji zagaye biyu a jere, ɗaya ya gitta a kansu, igiya ta shiga ta nan ta fita ta can. Wannan yana riƙe kansa ko ɓangare ɗaya ya saki, don haka in zomo ya tumɓuke sanda ɗaya, ɓarnar ba ta wuce kashi ɗaya. In ka murɗa na biyun ta ɗaya fuskar, wani ɗauri ne daban, yana tafiya in an ja shi ta gefe ɗaya. Ka koyi wannan a tsakar gida ido a rufe, har hannu ya iya shi ba sai ka duba ba, domin a gona ba fitila.

Igiyar sama ta ɗame amma da ɗan rai. In ka danna ta da yatsa ta lotsa kaɗan ta dawo, ta yi. Ka tuna da raɓa: igiyar tsiro in ta jiƙe tsukewa take yi, tana iya janyo sanduna su karkace, don haka a ɗan sassauta mata tun farko. Nailan kuwa in ya jiƙe ƙara saki yake. In ka daɗe kafin kora, bi layin sau ɗaya kana shafa kowace sanda. Wadda madaukinta ya saki, cire shi, ja igiya, mayar. Kana tafe kana girgiza rara ta bazu daidai tsakanin sanduna.

Kora da cirewa

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Abokin aiki zai zagaya ta nesa ya biyo gona yana kai da kawo, ko mutum biyu su ja doguwar igiya a kan ciyawa. Kai kana ƙarshen raga, yatsu a kan igiyar sama. Duk wanda ya faɗa za ka ji bugunsa a hannu, in ɗaurinka ya zauna. Igiyar da ta saki ba ta kawo labari.

Ka isa gare shi da sauri, domin yana cizon zare, kuma yana iya shaƙe kansa. Turawa karya wuya suke yi nan take. Musulmi kuwa wuƙa mai kaifi zai riƙe, ya ciro shi da rai ya yanka da bisimilla, domin wanda ya mutu a shaƙe cikin raga mushe ne. Kama shi ta ƙugu, ka zare idanu daga ƙafafun baya, sannan na gaba, sannan kai, ya fito ta inda ya shiga. Kada ka fizge. Fizga tana wahalar da dabba, kuma ita ke jan ƙulli ta fuskar da yake buɗewa.

Bayan an dawo

Da safe shimfiɗa raga a inuwa ka bi ta ido-ido. Inda aka ciza, kada ka kama bakin biyu ka ƙulle kawai, idon zai tsuke ya ja na kusa da shi. Gyara ramin da almakashi yadda kowane ƙulli a gefensa zai rage da ƙafa biyu, ban da guda biyu masu ƙafa uku. A ɗaya za ka fara, a ɗayan ka gama, kana saƙa sababbin idanu a tsakani da ma'auninka. Ƙullin farawa da na gamawa ninki ne, da wutsiya. Ka tsince guntayen tsohon zare daga gindin idanun da za ka kama, don sabon ƙulli ya zauna a kan zare ɗaya.

Duba ɗinkin alamomi, da haɗin igiya, da wurin da igiya ke guga a zoben turke. In ta fara gashi a nan, matsar da ita kaɗan wani wuri ya karɓi gugar. Bari komai ya bushe sarai kafin ka tattara raga a kan turke ka ɗaure. Rana tana cin nailan, ɓera yana cin kowane zare, gara kuma tana jiran sanduna, don haka a buhu za ka sa ragar ka rataya a ɗaki, sandunan kuma a ɗaure su dami guda a ɗora a bisa.